A Daina Cinye Lokacin Baƙon Marubuci da Jawabai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da 'yan'uwanmu marubuta na Katsina da Daura, musamman masu shirya zaman yamma da ake gayyato wani marubuci daga Kano ko Zariya ko Kaduna ya gana da 'yan ƙungiya. Al'ada ce mai kyau, ta kuma dace da Katsina, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, garin da Abubakar Imam ya yi karatu a kwalejinsa kafin ya shiga gasar rubutu ta 1933. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake tafiyar da zaman. Mutum ya baro iyalinsa, ya yi tafiyar kusan kilomita 170 daga Kano, amma sai a ƙare da ba shi minti ashirin bayan an gama gabatar da shugaban taro da uban taro da babban baƙo na musamman. Tamkar a kira likita gida ne a cika shi da gaisuwa, har ya tafi ba a nuna masa mara lafiya ba.

A fara da lissafin lokaci. Tsakanin La'asar da Magariba ɗan taƙi ne. A lokacin hunturu rana kan faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe shida, da damina kuma ta kusa kai bakwai. Idan an zauna ƙarfe huɗu da rabi, abin da ake da shi bai wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi ba. Da an tashi sallah rabin jama'a ba sa dawowa, musamman mata, alhali su ne da yawa daga cikin masu rubuta labari a yau. Don haka addu'a da maraba su ɗauki minti biyar. Tarihin baƙo a buga shi a takarda ɗaya a raba, ba sai an karanta ba. A ba shi minti goma sha biyar ya karanta wani abu daga aikinsa, a ware minti ashirin na tambayoyi, duk abin da ya rage kuma a ba duba rubutun 'yan ƙungiya.

Wannan duba rubutu shi ne dalilin kiran baƙo tun farko, kuma ba ya yiwuwa sai an shirya masa tun makonni uku kafin ranar. Kwamiti ya zaɓi rubutu uku, ko huɗu idan akwai waƙa a ciki. Kowane kada ya wuce shafi huɗu, a buga shi da kwamfuta, a bar tazara tsakanin layuka da fili a gefe inda za a yi gyara da biro, a sa lambar shafi. A tura wa baƙo da wuri don ya karanta a natse. A ranar zama kowa ya samu kwafi a hannunsa, ko mutum biyu su haɗa ɗaya. In ba haka ba, jama'a za su yi sharhi ne a kan muryar mai karatu, ba a kan abin da ya rubuta ba, kuma mai zaƙin murya kan ɓoye raunin labarinsa ba tare da ya sani ba.

Akwai aikin da bai kamata ya kai gaban baƙo ba. Raba kalmomi da haɗa su, da haruffa masu lanƙwasa da wayoyi da yawa ba sa fitarwa sai an sa musu allon rubutu na Hausa, duk wannan a gyara shi a cikin gida. Muna da malaman Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga ɗalibansu a kowace unguwa. Idan aka miƙa wa baƙo rubutu cike da kurakuran ƙa'ida, a nan idonsa zai tsaya, ba zai kai ga abin da shi kaɗai zai iya gani ba: inda labari ya fara da wuri fiye da kima, inda tauraro ya yi abin da bai dace da halinsa ba, inda hira ta koma wa'azi, inda baiti ya karye don an tilasta masa amsa-amo.

Yadda za a yi duba rubutun kuwa, mai rubutun ya karanta shafi ɗaya kawai da babbar murya, abin da ba zai wuce minti uku ba. Sai mutum biyu daga cikin 'yan ƙungiya su faɗi abin da suka gani, minti biyu-biyu. Baƙo ya zo a ƙarshe. Wannan tsari yana da dalili: in baƙo ya fara magana, ba wanda zai ƙara cewa komai sai "kamar yadda Malam ya faɗa". Shi kuma mai rubutun ya yi shiru, ya riƙa rubuta abin da ake faɗa, sai an gama a ba shi dama ya yi tambaya ɗaya. Nan ne zama ya fi lalacewa. Da an taɓa rubutun mutum sai ya miƙe yana bayanin abin da yake nufi, a shiga ja-in-ja, lokaci ya tafi. Mai karatu da zai sayi littafin a kasuwa ba zai same shi a gefe yana masa bayani ba, saboda haka abin da ba a gane a takarda ba, ba a gane shi ba ke nan.

Kunya ma tana tata ɓarnar. Yaro ba zai soki rubutun wanda ya girme shi a bainar jama'a ba, baƙo kuma ba ya so ya ci tuwon mutane ya ɓata musu rai. Mai gabatarwa ne zai warware wannan, ta hanyar yin tambaya takamaimai: a wane sakin layi hankalinka ya fara barin labarin? Wace jimla za ka cire? Irin wannan tambaya tana ba mutum damar faɗin gaskiya ba tare da ya ci fuskar kowa ba.

Game da wuri, aji ɗaya na makaranta ko ɗakin karatu ya fi babban zaure. Mutum talatin a da'ira ba sa buƙatar lasifika, balle janareta da ƙararsa. A duba fanka da tagogi idan lokacin zafi ne.

Haƙƙin baƙo kuma a fayyace shi tun a waya, kada a bar shi a kan kara. A tura masa kuɗin mota na zuwa da komawa kafin ya taso. A kama masa masauki, don bai dace a saki mutum ya kama hanya bayan Magariba ba a halin da hanyoyinmu suke ciki. A tambaye shi kwafi nawa zai kawo na littattafansa, a ajiye tebur a bakin ƙofa da mutum ɗaya mai riƙe lissafi da lambar asusun da za a tura kuɗi, a miƙa masa cinikinsa cif kafin ya kwanta. Ba ƙaddamar da littafi ake yi ba, don haka ba a buƙatar alkawuran da ake shelantawa a taro ba a cikawa. Kuma kada kowa ya ɗauki hoton shafukan littafinsa ya watsa a WhatsApp da sunan talla.

Sakatare ya karɓi kwafin da baƙo ya yi wa gyara da hannunsa ya damƙa wa masu su a wurin. A zama na gaba, waɗannan masu rubutun su ne za su fara karatu, da rubutun da suka sake.

Daga wasu marubuta a birnin Katsina.