Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jahar Maraɗi Kan Motocin Lantarki

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai gyaran wayar mota ne, na haura shekara 20 ina wannan sana'a a garin nan. Maganar da ta cika garejinmu kwanan nan ita ce wai motar lantarki na tafe, hayaƙi ya kusa ƙarewa. Wallahi ina fatan haka, don ƙirjina ya sha hayaƙi ya ƙoshi. Duk wanda ya tsaya bakin babbar kasuwa da la'asar, tsakanin 'yan kabu-kabu da adaidaita da tsofaffin motocin da Turai ta gama cin moriyarsu, ya san abin da nake faɗi. Lita guda ta esansi in ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar da ke ɗumama duniya, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin man ne kawai ke kai wa ga taya, saura zafi ne. Motar batir ba ta da salansa, ba ta da baƙin man juye da ake zubarwa a ƙasa har ruwan damina ya kwashe shi zuwa Gulbi. Wannan kam ba gardama.

Amma ranka ya daɗe, da wace wuta za a cika ta? Kuran ɗinmu mafi yawansa ta layin Katsina zuwa Gazawa yake shigowa. Ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke shi sai Maris na 2024, gari ya koma ƙarar gurup, wato injin ba da wuta, dare da rana. Wanda ya cika batir da gurup mai shan gazuwal, hayaƙin da ya kora daga titi ne ya dawo masa tsakar gida, inda 'ya'yansa ke kwana. Habasha ta hana shigo da motocin mai a 2024 don wutarta daga madatsun ruwa take fitowa. Mu kuwa rana Allah ya hore mana. An gani a tashar sola ta Malbaza, megawat 7 tun 2018, an gani a ta Gorou Banda kusa da Yamai, megawat 30 a 2023. Maraɗi ba ta fi su ƙarancin rana ba.

Batir shi ne abin da ya fi hana ni barci. Tun a masana'anta motar lantarki ke fitowa da bashin gurɓatawa fiye da ta esansi, saboda haƙar litiyam da kobalt, shi kobalt ɗin kuwa kusan kashi 70 cikin 100 nasa daga Kwango yake fitowa. Sai ta yi tafiyar shekara ɗaya ko biyu da wuta mai tsabta take biyan bashin. Zafin watan Afrilu kuwa, da ke haura digiri 40, yana tsufar da batir da wuri. In ya mutu ina za shi? Da idona na ga yaron da bai kai shekara 12 ba yana fasa tsohon batirin dalma da guduma, ruwan ya malale a ƙasa, ana narka dalmar a cikin gwangwani, ga mai tuyar ƙosai kusa da su. Babura da adaidaitan lantarki masu arha da yawa irin wannan batir na dalma suke ɗauke da shi, huɗu ko biyar a jere. A Thiaroye, gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 sanadiyyar irin wannan aiki.

Roƙona, a fara da kabu-kabu da adaidaita, don su ke zagaya gari tun asuba, kuma tafiyarsu ba ta da nisa. A yi musu rumfunan sola a tashoshi inda za su cika batir da rana tsaka. Duk ɗan kasuwar da ya shigo da batir a ɗora masa karɓar matacce, a ware wurin tara su nesa da gidaje da rijiyoyi. Mu ma a koya mana aikin, don wutar batirin babbar mota tana kaiwa bolt 400, hannun da ya saba da bolt 12 zai iya rasa ransa a kanta. Yarana uku na gareji a shirye suke ranar da aka kira.

Allah ya taya riƙo.

Naka,
Mai gyaran wayar mota, unguwar Zariya, Maraɗi