Kafin a shimfiɗa bututu, a san mutum nawa ke zuwa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan wani aiki da ba a cika jin ɗuriyarsa ba, alhali kowane famfo a jihar Texas ta Amurka, inda nake zaune, ya dogara da shi: hasashen yawan mutanen da kowace gunduma za ta ɗauka nan gaba.

Lokacin da na tare a unguwarmu, bayan gidana makiyayar shanu ce. Yau gidaje ne reras, kowanne da ciyawar ado a ƙofa tana jiran ban ruwa. Rani na tsananta sai ka ga sanarwa cewa kwana biyu kacal a mako aka yarda a shayar da ita. Bututun da ke kawo mana ruwa, an auna faɗinsa ne tun kafin a san da zuwanmu.

Ba a ce jihar ta yi barci ba. Bayan mummunan farin shekarun 1950 aka kafa hukumar raya albarkatun ruwa a 1957, sannan dokar 1997 ta raba jihar gida 16, kowane yanki ya tsara nasa. Duk shekara biyar ake sabunta shirin, ana hango shekara 50 gaba, gunduma bayan gunduma har 254. Ana farawa da ƙidayar jama'a, a ƙara haihuwa, a cire mutuwa, a lissafa masu shigowa da masu fita, sannan a ninka da abin da mutum ɗaya ke amfani da shi a rana, don a sami buƙatar gidaje da garuruwa. Shirin 2022 ya hango jama'a za su tashi daga miliyan 29.7 a 2020 zuwa miliyan 51.5 a 2070, buƙatar ruwa gaba ɗaya, har da ta noma da masana'antu, ta ƙaru da kashi 9 cikin 100, yayin da ruwan da ke hannu zai ragu da kusan kashi 18.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙaura. Haihuwa da mutuwa suna tafiya a hankali, ana iya bin sawunsu. Ƙaura kuwa aiki take bi, aiki kuma shawarar mutum kaɗan ce a ɗakin taro. A 2021 Samsung ya sanar da gina masana'antar ƙananan sassan kwamfuta a Taylor, garin da bai kai mutum 20,000 ba. Irin wannan masana'anta na shan tataccen ruwa mai yawa, ga ma'aikata da iyalansu na biye. Wace ƙidaya ce ta hango wannan? Kuma awo ɗaya ba zai yi wa gundumar Harris mai mutum miliyan 4.7 da Loving mai mutum 64 (a ƙidayar 2020) daidai ba.

Kuskuren ta kowane gefe yana da ciwo. In an rage lissafi, famfo ya yi tari, ga madatsar ruwa ba a gina ta yau a sha gobe, takan ci shekaru da dama. In an yi zuƙu, a ciwo bashi a gina matatar da ta fi ƙarfin gari, talaka ya biya a takardar kuɗin ruwa.

Don haka ina kira ga masu tsarawa su daina riƙe adadi ɗaya kamar yankan wuƙa. A fito da na ƙasa da na sama, a ci gaba da ware buƙatar masana'antu daban da ta gidaje, kuma duk kamfanin da zai sauka a gunduma ya faɗi yawan ruwan da zai sha kafin a ba shi izini. Tarukan yankunan nan a buɗe suke ga kowa, ina roƙon jaridarka ta riƙa sanar da ranakunsu.

Naka mai karatu,
daga Texas