Wa zai biya mai ƙara shekarun da kotu ta cinye masa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wata cuta da muka saba da ita har muka daina kiranta cuta, wato yadda ƙarar bashi ko ta fili ko ta haya take kwashe shekaru a kotu ba a yanke ta ba, kuma babu mai biyan mai ƙara ko sisin kwabo na lokacin da aka ɓata masa.

Doka dai ba ta yi shiru ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurari ƙararsa bisa adalci kuma cikin lokacin da ya dace, sashe na 294 kuma ya wajabta wa kotu yanke hukunci cikin kwana 90 bayan lauyoyi sun gama jawabansu na ƙarshe. Abin da babu shi ne hanya mai sauƙi da wanda aka tauye wa wannan haƙƙi zai bi ya karɓi diyya. A shari'ar Ariori da Elemo, rikicin fili da aka shigar a nan Legas a 1960, sai a 1983 Kotun Ƙoli ta yi hukunci, ta yarda cewa jinkirin ya wuce kima, sannan ta ba da umarnin a sake shari'ar daga farko.

Akwai wani dattijo maƙwabcina da ke fataucin albasa a kasuwar Mile 12, wanda ya ba wani kamfani kaya bashi, aka hana shi kuɗinsa, ya kai ƙara. Na sha raka shi kotu. Za mu yi asubanci saboda cunkoso, mu zauna a benci har hantsi ya dubi ludayi, sai magatakarda ya leƙo ya ce yau Mai Shari'a ba zai zauna ba, lauyoyi su zo su karɓi sabuwar rana. Duk da haka sai Alhaji ya biya lauya kuɗin zuwa, rumfarsa kuma tana rufe. Da aka yi wa alƙalin ƙarin girma, aka miƙa shari'ar ga wani, sai aka koma farko, alhali dillalin da aka yi cinikin a gabansa ya riga mu gidan gaskiya. Lokacin da ya ba da kayan dala ba ta kai naira 200 ba, yanzu kuwa ta haura naira 1,000, saboda haka ko gobe ya yi nasara, abin da zai karɓa ba zai sayi rabin kayan da ya bayar ba.

Wannan ne ya sa mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Alaba Rago suka fi son kai magana gaban Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa. Hakan yana da kyau matuƙa, amma sarki ba shi da ikon tilasta wa kamfani ko banki. Wasu kuma sai su garzaya ofishin 'yan sanda a kama musu wanda suke bi bashi, abin da doka ta hana.

A Turai sun ɗauki jinkirin shari'a a matsayin laifin gwamnati. Idan mutum ya kai kuka Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Faransa, sau da yawa gwamnatin ƙasarsa ce take neman a sasanta, ta amince ta biya shi wani kuɗi cikin wa'adi, kotu ta duba ta ga sulhun bai cuce shi ba, sannan ta rufe ƙarar. Da irin waɗannan ƙararraki suka yi wa Italiya yawa, sai ta yi dokar biyan diyya a cikin gida a 2001. Jamus ta yi tata a 2011, inda ta sa yuro 1,200 a kan kowace shekara ta jinkiri. Ba kowa ake biya ba, domin ana duba sarƙaƙiyar shari'ar da halayyar ɓangarorin, wanda kuma lauyansa ne ya riƙa neman ɗage zama, shi ya jawo wa kansa.

Ban manta da ƙoƙarin da Legas ta yi ba. Ta buɗe zauren sulhu a Babbar Kotu tun 2002, ta kuma kafa kotunan ƙananan basussuka a 2018 da wa'adin kwana 60. Sai dai waɗannan suna raba mai ƙara da wanda ake ƙara ne, ba su taɓa alhakin da ke wuyan gwamnati ba. Kotun ECOWAS da ke Abuja tana karɓar ƙarar ɗaiɗaikun mutane tun 2005, amma wanda kuɗin lauya ya riga ya talauta ba zai iya buɗe sabuwar shari'a a can ba.

'Yan siyasa sun rubuta wa kansu kwana 180 na ƙarar zaɓe a cikin tsarin mulki, kuma ana cika wa'adin. Saboda haka ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Legas da ta yi dokar da za ta fayyace shekarun da ƙara za ta yi a kotun farko, ta ba wanda tasa ta wuce haka ba da laifinsa ba damar cike takarda ɗaya ba sai da lauya ba, Ma'aikatar Shari'a ta zauna da shi a sasanta cikin wata shida, a biya shi diyya daga asusun jiha, a kuma sa wa shari'arsa ranar kammalawa. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda dama tana da ikon ba da umarnin biyan diyya, ita ta fi dacewa ta sa ido a kan wannan sulhu.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Agege, Legas