Gasar ƙwallon Sudan da yaƙi ya tarwatsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ana yawan cewa yaƙi ya "dakatar" da gasar ƙwallon ƙafa ta Sudan, alhali ɓarnar ta wuce nan. Da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF (rundunar ɗaukin gaggawa da ke adawa da sojoji) ranar 15 ga Afrilu, 2023, kakar wasa ta tsaya cak ba a kammala ta ba. Manyan ƙungiyoyi biyu, Al Hilal da Al Merrikh, duk a Omdurman suke, birnin da ke maƙwabtaka da Khartum, kuma yana cikin wuraren da wutar ta fi ci. An rufe filin jirgin Khartum, babu kuɗin ƙofa, filayen wasa kuwa ciyawarsu ta ƙone don rashin ban ruwa.

Ƙungiyar da ba ta buga gasa a gida ba ta iya tunkarar gasar zakarun Afirka da ƙarfinta, domin atisaye kaɗai ba ya riƙe ƙafar ɗan wasa. Shi ya sa ƙungiyoyin biyu suka shiga gasar Muritaniya a kakar 2024/25, daga baya suka koma ta Ruwanda. A Yulin 2025 hukumar ƙwallon Sudan ta shirya 'yar gajeriyar gasa ta ƙungiyoyi takwas a garuruwan Atbara da Ad-Damar na Sudan don fitar da waɗanda za su wakilci ƙasar a gasannin CAF, hukumar ƙwallon Afirka, Al Hilal ta lashe.

Wannan dabara ta masu hannu da shuni ce. Ƙananan ƙungiyoyin Darfur da Kordofan ba su da kuɗin jirgi da otal na watanni, kuma a kansu ya kamata wakilanku su yi rahoto.

Wassalam,
Wasu masu bibiyar wasanni