Sanarwa kan ƙudurin rage tallafin masu buƙata ta musamman

Assalamu alaikum, iyaye da ƴan'uwa mazauna Birtaniya.

Ina jawo hankalinmu ga ƙudurin da gwamnatin Keir Starmer ta gabatar wa majalisar dokoki ranar 18 ga Yuni, 2025, wanda aka kaɗa ƙuri'a a kansa ranar Talata, 1 ga Yuli, 2025.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne tallafin PIP, wato kuɗin da gwamnati ke ba masu naƙasa ko doguwar rashin lafiya. A yanzu ana haɗa makin da mutum ya samu a wanka, girki, sa tufafi da sauransu, idan ya kai 8 a ba shi kuɗin hidimar yau da kullum. Amma da farko ƙudurin ya ce daga Nuwamba 2026 sai ya samu aƙalla maki 4 a abu guda, don haka mai bibbiyu a wurare huɗu zai tashi a tutar babu, kuma mai jinyarsa ba zai samu alawus ba, sai dai gwamnati ta janye wannan sharaɗi ranar 1 ga Yuli, 2025. Ƙarin da marasa lafiya ke samu a Universal Credit, wato tallafin masu ƙaramin ƙarfi, shi ma ƙudurin ya ce zai sauko daga fam 97 zuwa fam 50 a mako ga sababbin masu nema.

Bayan ƴan majalisar Labour sama da 120 sun ja daga, gwamnati ta ce ba za a taɓa masu karɓa a yanzu ba. A ganina wannan bai warkar da ciwon ba, domin wanda lalura za ta same shi gobe bai fi na yau lafiya ba.

Mai neman shawara kan takardunsa ya tuntuɓi ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice, kada a turo su nan.