Kafin a mayar da ɗakin ƙarƙashin ƙasa ma'ajiyar abinci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin masu gidajen da ke son mayar da ɗakin ƙarƙashin ƙasa wurin ajiyar kayan abinci, suna kwaikwayon tsarin Turawa.

A Faransa irin wannan ɗaki yakan zauna wajen digiri 12 zuwa 14 duk shekara, shi ya sa suke ajiye giyar inabi da cuku da dankali a ciki. Dalili shi ne, in aka yi zurfin 'yan mitoci, ƙasa tana riƙe matsakaicin zafin garin na shekara. A Kano wannan matsakaici ya kai wajen digiri 26, a Jos kuma wajen 22. Saboda haka ɗakin ba zai zama firij ba. Amfaninsa a nan shi ne ba ya hawa da sauka: ko ana zafin Afrilu a tsakar gida, ciki yana nan yadda yake. Wanda ke son sanyin gaske sai ya lulluɓe bango da rufi da soson hana zafi mai kaurin santimita 5 zuwa 10, sannan ya sa na'urar sanyaya ɗaki.

Babban abin da ke lalata aikin shi ne danshi. Kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya, a yanko leda mai faɗin rabin mita, a manna ta a bango da salatif ta kowane gefe, a manna wata a daɓe, a bar su kwana 2. A watan Agusta za a yi gwajin, domin da rani kowane bango lafiya lau yake. Idan raɓa ta taru a bayan ledar, ruwa daga ƙasa yake ratsowa. Idan a fuskarta ta taru, iskar ɗakin ce ba ta samun mafita. Farin gari mai kama da kanwa a gindin bango shi ma shaidar ruwan ƙasa ne.

Ruwan ƙasa daga waje ake tare shi. A karkatar da indararo ya zuba aƙalla mita 2 daga bango, a ciko ƙasa ta gangara da santimita 15 cikin mita 3 na farko. In bai tsaya ba, a tone jikin bangon har tushe, a shafa kwalta sau 2, a kwantar da bututu mai huje-huje cikin tsakuwa ya ja ruwan zuwa kwata. Daga nan sai filasta ta ciki, siminti 1 yashi 3, da maganin hana ruwa. Da yawa suna tsallake duk wannan su shafa fenti mai mai. Ruwan sai ya taru a bayansa, damina ɗaya ya kumbura ya ɓare.

Iska kuma bututu 2 take buƙata, masu faɗin santimita 10. Na shigowa ya sauko kusa da daɓe, na fita ya tashi daga rufi a ɗaya kusurwar, domin iska mai ɗumi sama take yi. A ɗaure bakinsu da ragar ƙarfe saboda ɓera. Kantoci su ɗaga santimita 15 daga ƙasa, su bar santimita 10 tsakaninsu da bango, domin gara ba ta barin katakon da ya taɓa daɓe mai laima.

Doya da dankali suna jure ɗan danshi. Hatsi da wake da albasa bushewa suke so, ɗakin da bai ci gwajin leda ba zai sa musu funfuna.

Abin da ya fi damuna shi ne masu jefa ƙwayar maganin ƙwari ta Phostoxin cikin buhuna a ƙarƙashin ɗakin kwana. Iskar da take fitarwa guba ce mai kisa, tana kuma bin tsagar daɓe da ramin wayar lantarki ta hau inda yara ke barci. Haka hayaƙin janareta. Don Allah kada a shigar da ko ɗayansu ɗakin nan.

Wassalam.
Wani magini, daga Kano