Wasiƙa daga Gindin Dutsen Pendle

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Yaya ƙafar Hajiya? Hotunan suna sun iso, Allah ya raya, ya sa mai jin ƙan iyaye ne. Ka yi mini uzurin jinkiri. Aikin dare nake yi a ɓangaren masu shanyewar ɓarin jiki, in na dawo da asuba daga salla sai kwanciya. Kuma maganar da ke cina ba ta saƙon waya ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta.

Akwai wani dutse da nake hange ta tagar ɗakina, sunansa Pendle, a nan yankin Lancashire na arewacin Ingila. Tsayinsa mita 557 ne, ba komai a kansa sai ciyawa da tumaki da iska mai ratsa ƙashi. Asabar da ta wuce na hau shi. A ƙauyukan gindinsa duk inda ka juya hoton tsohuwa ce a kan tsintsiya, har 'yar tsanarta ake sayar wa baƙi. Amma a wani ƙauye, Roughlee, na tarar da mutum-mutumin wata mata a bakin hanya, sarƙa a hannunta. Alice Nutter sunanta. An kafa shi a 2012, shekara ɗari huɗu cif bayan rataye ta bisa zargin maita. Na daɗe tsaye a gabanta.

Ka san Turawa ma sun yi nasu bokayen? A wancan zamani kusan kowace karkara tana da mai magani: a kira shi in saniya ta ƙafe, in yaro ya kwanta, in kaya ya ɓata. A Pendle tsofaffi biyu ne suka riƙe sana'ar, Elizabeth Southerns da ake wa laƙabi Demdike, da Anne Whittle da ake kira Chattox. Zawarawa ne, matalauta na ƙin ƙarawa, Demdike ta kai tamanin, idonta ya tafi, jikarta ke yi mata jagora wajen bara. Abin da suke tofawa, in ka karanta shi yadda aka rubuta a kotu, guntayen addu'o'in Katolika ne da suka gada, bayan hukuma ta hana wannan ɗariƙa. Babban gidan ibadar Whalley da ke kusa, wanda a da yake rabon sadaka ga talakawa, an rushe tsarinsa tun 1537. To tsohuwar da ba gona, ba miji, ba mai ba ta, me za ta ci? Sai ta ci da abin da mutane ke tsoro da abin da suke buƙata. Gidajen biyu kuma ba sa ga maciji, don kasuwarsu ɗaya. Har an faɗa a shari'a cewa surukin Demdike yakan kai wa Chattox garin hatsi kamar laba takwas duk shekara, don kada ta taɓa iyalinsa.

Abin da ya tone su ƙarami ne. A watan Maris na 1612, jikar Demdike, budurwa mai suna Alizon Device, ta gamu da wani ɗan koli, John Law, a hanya kusa da garin Colne. Ta nemi ya ba ta 'yan fil na ƙarfe, ya ƙi kwance kayansa. Ta yi masa baki. Bai yi nisa ba ya yanke jiki ya faɗi. Akawun kotu, Thomas Potts, ya rubuta kamannin mutumin: wuya ya karkace, fuska ta jirkice, magana ba ta fita, hannu da ƙafa sun mutu, musamman na hagu. Aminina, wallahi irin waɗannan nake juyawa a gado kowane dare. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Amma yarinyar nan ita kanta ta yarda bakinta ne ya kama shi. Ta tashi tana jin ana cewa gidansu gidan mayu ne, ta ina za ta musa? Da aka kai ta gabansa ta durƙusa ta nemi gafara. Wannan durƙuson shi ya ci ta.

Mai shari'ar yankin, Roger Nowell, ya shiga bincike. Sarkinsu na lokacin, James na ɗaya, shi da kansa ya rubuta littafi a kan mayu a 1597, kuma a 1604 aka tsananta dokar. Duk mai neman shiga wajen sarki ya san abin da zai kai masa. Alizon ta ambaci kakarta, ta ambaci Chattox, su kuma suka shiga tonon juna. Aka tura mutum huɗu kurkukun fadar Lancaster. Ranar 10 ga Afrilu, Juma'ar da ke gaban Ista, dangi da maƙwabta suka taru a gidan Demdike, aka yanka tunkiyar da jikanta James ya sato. Labari ya kai wa Nowell a matsayin taron mayu, har da cewa sun ƙulla tarwatsa kurkukun da albarushi. Mutanen da ba su da na fil!

Demdike ba ta ga shari'ar ba, ta mutu a ɗakin duhu. Aka zauna ranakun 18 da 19 ga Agusta. Babbar mai shaida ita ce ƙanwar Alizon, Jennet, 'yar shekara tara. Da aka shigo da ita uwarta ta fasa ihu tana zaginta, sai aka fitar da uwar, aka ɗora yarinyar a kan tebur, ta ce mahaifiyarta mayya ce, tana da aljani mai siffar kare. Ta ba da shaida a kan wanta James. Ta nuna waɗanda ta ce sun zo taron, har da Alice Nutter, wadda ba ta cikin mabarata, matar gida ce mai rufin asiri, kuma har ta mutu ba ta amsa laifin ba. Ranar 20 ga wata aka rataye mutum tara na Pendle a bayan garin Lancaster. Yarinyar ta wayi gari ba uwa, ba ya, ba wa. Bayan shekara ashirin da 'yan kai, wani yaro ɗan shekara goma, Edmund Robinson, ya jero sunayen mata ya ce mayu ne, a ciki har da wata Jennet Device, wadda masana tarihi da yawa ke ganin ita ce. Daga baya yaron ya ce ƙirƙira ya yi. Duk da haka a 1636 sunanta na cikin waɗanda ke tsare.

Na san ka gane inda na dosa. Inna mai daddawa.

Ita ta yanke mini cibi, kai ma haka Hajiya ta ce. In jariri ya yi shawara, ƙofarta ake bugawa ko da tsakar dare. Ina tuna ƙullin tazargade a bakin zanenta, da yadda take kawo goshin yaro kusa da kuncinta ta ji zafin jikinsa. Shekara nawa unguwa tana shan jiƙonta? Sai ɗan gidan mai unguwa ya kwanta a bazarar da sanƙarau ya shigo, wuya ya sandare, yana sambatu yana kiran sunanta. Yaron da kullum ita ke ba shi magani, sunan wa zai kira? Aka ce ta kama masa kurwa. Aka jawo ta tsakar rana, ɗankwali ya faɗi, furfura a waje, ana cewa ta tsallaka shi ta sake shi. Ta tsallaka sau uku tana salati. Yaron ya cika da la'asar.

Kai jifa kawai ka yi, kamar sauran yara. Ni na fi ka. Ni ne na ce na ga wuta tana tashi a ɗakinta cikin dare. Manya suka kewaye ni, aka ce in sake faɗa, na sake, na ƙara gishiri. Ban taɓa jin an saurare ni haka ba, har wani ya ba ni alewa. Aminina, fitilar aci-balbal ce na gani, ta kunna tana tsince kalwa. Na san haka tun a ranar. Shekarata tara ko goma. Da na karanta yadda aka ɗora Jennet kan tebur, sai da na ajiye takardar na fita waje cikin sanyi.

Kada ka ce zaman Turai ya sa na fara musun abin da addini ya tabbatar. Sihiri Alƙur'ani ya ambace shi, Falaƙi da Nasi ba na kwana ban karanta ba. Amma addinin nan ne ya hana mu zato, ya ce a zo da hujja. Wace hujja aka kawo a kan Inna? Sambatun mai zazzaɓi da ƙaryar yaro. Kuma na lura, can da nan, ba a cika nuna yatsa ga mai 'ya'ya maza tsaye a ƙofar gida ba. Inna 'ya ɗaya gare ta, tana aure a ƙauye. Can ta koma bayan an daina sayen daddawarta, ko gaisuwarta ba a amsawa. Ranar da ta tafi ina leƙe ta zaure: tabarma, tukunya biyu, da akuya a kan amalanke.

Ga roƙona. Ka zauna da Hajiya, ita za ta tuna sunan ƙauyen. Na san Inna ta daɗe da rasuwa, amma ka bincika mini ko 'yarta tana raye, ko jikoki. In ka same su kada ka faɗa musu komai tukuna, ka dai karɓo mini lambar wani babba a gidan. Ina son in faɗa da bakina cewa ni na yi ƙaryar wutar, in nemi yafiya, in kuma an yarda in haƙa rijiya da sunanta a can. In Allah ya kai mu, hutuna na watan Disamba ne, sai ka raka ni. Ni kaɗai ba zan iya shiga gidan ba.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ta riƙa shan maganin hawan jininta kullum, ba sai ta ji ciwon kai ba. A shafa mini kan jariri.

Naka har kullum,
Amininka